Yadda ake ƙera 'yar tirelar kwana mai siffar ɗigon hawaye da jikin alminiyam

Wannan 'yar tirela ɗakin kwana ne na mutum biyu a kan taya biyu, wanda ƙaramar mota za ta iya ja ba tare da wahala ba. Gabanta a kumbure yake, bayanta ya tsuke ya sauko, don haka idan ka tsaya daga gefe siffar ɗigon hawaye za ka gani. Cikinta katifa ce da 'yan akwatunan ajiya, ba a miƙewa tsaye. A baya akwai murfi da ake ɗagawa, ƙarƙashinsa kicin ne, mai girki yana tsaye a waje murfin yana yi masa inuwa.

A Amurka ta yi suna. Tun cikin shekarun 1930 mujallun masu aikin hannu suke buga zanenta domin mutum ya ƙera a gida. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, rarar alminiyam ɗin da aka tanada don jiragen yaƙi ya shigo kasuwa da araha, tayoyin jif na soja ma haka, sai ƙananan masana'antu da masu gareji a gida, musamman a jihar Kalifoniya, suka rungume ta. Daga nan jikin alminiyam ya zama alamarta. Girmanta na asali, ƙafa 4 faɗi da ƙafa 8 tsawo, ba wani lissafin injiniya ba ne, girman falle ɗaya na filawud ne, wanda kowane kafinta ya sani.

Akwai abu ɗaya da nake so ka riƙe tun kafin ka sayi ko da ƙusa. Alminiyam ba shi ne ke hana ruwa shiga ba. Katakon da ke ƙarƙashinsa shi ne jikin tirelar, shi ake toshewa da kyau tun farko, alminiyam kuma a ɗora shi a sake yadda zai iya motsi idan rana ta gasa shi. Yawancin tirelolin gida da ke ruɓewa cikin 'yan shekaru, a nan masu su suka kuskure: sun manne ƙarfen da gam ko'ina, sun huda shi da sukuru babu abin toshewa, suka ɗauka aiki ya ƙare tunda yana ƙyalli.

Yanke shawarar girma

Faɗi ne babbar tambaya. Mai ƙafa 4, wato santimita 122, ta fi sauƙi da araha domin filawud da alminiyam duk a wannan faɗin suke zuwa, ba sai ka yi haɗi ba. Amma idan ka cire kaurin bango biyu, abin da ya rage bai wuce santimita 118 ba, mutum biyu manya za su takura. Mai ƙafa 5, santimita 152, ta fi daɗin kwana nesa ba kusa ba, sai dai dole ka samo alminiyam mai faɗin ƙafa 5 don rufi, kuma ba kowane mai sayarwa ke da shi ba. Shawarata: je ka ga fallen alminiyam ɗin da idonka, ka auna shi, sannan ka zana tirelar. Kada ka gama gina akwati sannan ka fita neman abin da zai rufe shi.

Kaurin da aka fi amfani da shi milimita 1 ne, a awon Amurka inci 0.040. Lambobin gaurayen da suka dace su ne 3003 ko 5052, dukansu suna lanƙwasuwa ba tare da tsagewa ba. Falle ɗaya mai ƙafa 4 da 8 a wannan kauri nauyinsa kusan kilo 8. Wanda bai kai wannan kauri ba, kowane ɗan ƙulli na katako zai fito a fuskarsa, tsakuwar hanya kuma ta lotsa shi. Idan inda za ka riƙa yawo wuri ne mai zafin rana, nemi wanda aka yi wa farin fenti tun daga masana'anta. Tsiraicin alminiyam yana da kyau a ido amma ya fi farin fenti ɗaukar zafi.

Ka duba takardar motarka ka ga nauyin da aka yarda ta ja. Tirela irin wannan, idan an kula, tana tsayawa tsakanin kilo 350 da 600. A Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai, tirelar da ba ta da birki ba a yarda nauyinta da kayanta ya wuce kilo 750 ba, a Amurka kuwa kowace jiha da dokarta.

Casis da aksil

Magina da yawa a Amurka kan sayi ƙaramin casis na haɗawa da noti daga shaguna irin Harbor Freight su ɗora gini a kai. Idan kana da mai walda da ka yarda da hannunsa, na walda ya fi. A yi murabba'in firam da sukwaya fayif mai milimita 50 da 50, kaurinsa milimita 3, a sa masa 'yan gicciye biyu ko uku a tsakiya. Wuyan da ke haɗuwa da mota a yi shi da fayif biyu da suka haɗu a gaba kamar harafin A, kuma su shige ƙarƙashin firam har zuwa gicciye na biyu, kada a liƙa su a goshin firam kawai. Wurin da wuya ya haɗu da jiki shi ke shan wahalar kowane rami na hanya. Tsawon wuyan daga gaban ɗaki zuwa maƙala, wato inda tirela ke maƙalewa a mota, ya kai mita ɗaya ko ɗan fiye, aƙalla ya wuce rabin faɗin motarka, don kada kusurwar tirela ta daki bayan mota in kana ribas.

Kafin a cika walda, auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarori biyu. Idan awon biyu bai zo ɗaya ba, firam ɗin ya karkace, kuma duk abin da ka ɗora a kai zai gaji karkacewar.

Wurin zaman aksil shi ne batun rai da lafiya. Ƙa'idar ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela ya sauka a kan maƙalar mota. Idan duka nauyin kilo 500 ne, wuya ya danna da kilo 50 zuwa 75. Ƙasa da haka, tirela za ta fara kaɗa gindi hagu da dama a kan babbar hanya har ta iya fizge motar. Tunda kicin da kayan nauyi a baya suke, aksil ɗin wannan tirela yakan koma baya, kimanin santimita 85 zuwa 95 daga ƙarshen jiki mai tsawon santimita 244. Dabarar da ta fi kwantar da hankali ita ce a walda marataya sifirin a jikin angul ayon guda biyu, su kuma a ɗaure su ga firam da bol da noti. Idan ka gama gini ka ga nauyin wuya bai yi ba, sai ka kwance ka matsar da su gaba ko baya.

Aksil mai ɗaukar kilo 900 ya isa. Kada ka ce bari in sa sifirin mai ƙarfin gaske don ya daɗe. Sifirin da ya fi ƙarfin nauyin da ke kansa ba ya lanƙwasa, sai tirela ta riƙa tsalle, haɗe-haɗen katako su saki. Buɗe boris ka wanke ka cika da giris mai kyau ko da sabo ne. Daga nan a goge firam, a sa masa fentin hana tsatsa, a bi da baƙin fenti.

Daɓe

Wannan ba shi da wuya. Haɗa firam na katako mai kaurin milimita 38, cika ramukan da farin soso mai tauri irin wanda ke zuwa a kwalin firiji, rufe ƙasa da filawud milimita 6, sama da milimita 12, da gam da sukuru. Juya shi ka shafe ƙasan da efoksi, wato gam mai ruwa da ke ƙafewa ya hana ruwa shiga, ko fentin kwalta sau biyu, har gefuna, domin wannan fuskar ce za ta sha ruwan taya da taɓo. Ɗaure shi ga casis da bol milimita 10 guda shida zuwa takwas, kowanne da faffaɗan washa. Guji katakon da aka jiƙa da maganin gara mai sinadarin tagulla a duk inda zai taɓa alminiyam, domin tagulla da danshi suna cin alminiyam.

Bango biyu

Kada ka zana siffar kai tsaye a kan filawud mai tsada. Samo falle mai araha mai milimita 6 ka yi samfuri. Zana layukan murabba'i, ka sa alamar inda lanƙwasa za ta bi, ka kafa ƙananan ƙusoshi, ka lanƙwasa siririn katako a jikinsu ka bi da fensir. Lanƙwasar gaba kada ta tsuke ƙasa da santimita 45 daga cibiyarta, in ba haka ba filawud ɗin rufi da datsin gefe, wato siririn alminiyam da ke rufe mahaɗar rufi da bango, za su ba ka wuya. Yanke, ka goge da samfefa har hannunka ya daina jin tudu ko kwari. Ido yana yafewa, alminiyam ba ya yafewa, duk wani ɗan lotso a wannan layin sai ya bayyana.

A kan samfurin nan za ka sa alamar komai: ƙofa, madigad, bangon da ya raba ɗaki da kicin, inda hinjin murfi zai zauna, da wurin kowane rafta. Ka ajiye shi a ƙasa ka kwanta a kai, ka zauna inda ƙofa za ta kasance ka gwada juyo da ƙafafunka. Katifa tana buƙatar tsawon santimita 190 zuwa 200, saboda haka a jiki mai ƙafa 8 ƙafafun mai barci ƙarƙashin teburin kicin suke shiga. Bakin ƙofa na ƙasa ya tsaya wajen rabin kaurin katifa. Idan ya fi haka tsawo, duk sanda ka zauna za ka fita, ƙarfen zai danne maka cinya. Ƙofa biyu ta fi ɗaya, don kada wani ya riƙa tsallake wani cikin dare, kuma iska ta samu hanyar ratsawa.

Hanya biyu ake gina bangon. Ta farko filawud ɗaya mai milimita 18, nauyinsa kilo 30 ko fiye a falle, ba shi da kariya daga zafi. Ta biyu a ɗauki mai milimita 18 ɗin a fafake shi, a bar katako kawai a gefuna da inda za a ɗaura abu, a cika ramukan da soso mai tauri, a rufe waje da milimita 6, ciki da milimita 3. Ta biyun ta fi cin lokaci amma ita na zaɓa maka, ta fi sauƙin nauyi kuma ɗakin ba zai zama tanderu da rana ba. Ko wacce ka bi, matse bangon biyu tare da kilam ka gyara gefunansu lokaci guda da injin rauta, mai sassaƙe gefen katako, yana bin samfuri, don su fito tagwaye.

Daga wurin hinji zuwa ƙarshen baya, rage gefen bango da kimanin santimita ɗaya. Wannan gibin na robar toshe murfi ne, kuma yin sa yanzu da bango ke kwance ya fi yin sa daga baya.

Tsayar da bangon a kan daɓe da gam da sukuru, auna da sukwaya, riƙe su da katakon wucin gadi a sama. Sa bangon tsakiya da teburin kicin da akwatunan ciki tun yanzu da sama ke buɗe. Su ne ke hana ginin jirkicewa.

Rafta, silin da waya

Rafta katako ne masu kaurin milimita 19 da 38 da ke gicciye daga bango zuwa bango, tazarar santimita 25 zuwa 30, a matso da su kusa da juna a wurin lanƙwasa. Inda hinji zai zauna a sa katako mai tauri, ninki biyu, domin shi zai ɗauki murfi da ƙarfin sandunan gas masu ɗaga shi. A tsakiyar rufi a bar rami mai inci 14 da 14, kusan santimita 36, wanda shi ne girman fankar rufi da ake sayarwa don irin waɗannan motoci, a kewaye shi da katako.

Silin na ciki filawud ne milimita 3. Yana lanƙwasuwa da sauƙi idan zaren fuskarsa ya bi faɗin tirela, ba tsawonta ba. Shafa masa banish kafin ka ɗora, domin fenti a kwance cikin wannan ƙunci azaba ne.

Waya iri biyu ce kuma kada a gauraya su. Akwai ta fitilun hanya da ke karɓar wuta daga mota. A filogi mai baki huɗu na Amurka, fara ita ce wayar da wuta ke komawa ta cikinta, ruwan ƙasa fitilar baya, rawaya sigina da birkin hagu, koriya na dama. Motocin Turai suna da filogi mai baki 7 ko 13, sai ka bi na motarka. Sai ta cikin ɗaki mai bolt 12 daga batir: fitilu, fanka, wurin cajin waya. Tunda jikin katako ne, kowace fitila sai ka ja mata waya biyu. Sa babban fiyus dab da kan batir, kowane layi kuma da nasa. Batir mai ruwa yana fitar da iskar da ke kama wuta idan yana caji, don haka wurinsa akwati mai huji a kan wuya, ba ƙarƙashin matashin kai ba.

Gwada kowace fitila, sannan ka ɗauki hoton rufin da tef ɗin awo a shimfiɗe a kai. Da zarar an rufe, wannan hoton ne kaɗai zai gaya maka inda rafta yake da inda waya ta bi. Cika tsakanin rafta da soso mai tauri, kana tsattsaga bayansa da wuƙa a wurin lanƙwasa don ya kwanta, sannan ka rufe da filawud milimita 3, da gam a kan kowane rafta.

Toshe katako

Nan ne aikin da ba wanda zai gani kuma shi ne ke raya tirelar. Nutsar da kan kowane sukuru, cike ramin, goge ya baje. Shafe dukan waje da efoksi sau biyu, gefunan filawud kuma sau uku ko fiye, domin ta gefe filawud ke shan ruwa, kuma idan ya sha sai fallayensa su rabu. Kada ka manta da bakin ƙofa, bakin ramin fanka, da gefen bango na ƙasa. Abin da kake nema shi ne, ko da ba a ɗora alminiyam ba, a iya barin akwatin nan cikin ruwan sama ya kwana lafiya. Ruwa zai samu hanyar shiga bayan ƙarfen wata rana, ko ta sukuru ko ta raɓa da ke taruwa a bayansa da asuba. Tambayar ita ce me zai tarar idan ya shiga.

Ɗora alminiyam

Alminiyam yana miƙewa da zafi fiye da katako sau da yawa. Kowace mita tana ƙaruwa da kusan milimita 0.023 a kowane digiri ɗaya. A ce da dare ƙarfen yana digiri 20, da azahar rana ta kai shi 70, falle mai tsawon santimita 244 zai ƙaru da kusan milimita 3, katakon bayansa kuwa da ƙyar zai motsa. Idan an manne su da gam ko'ina, ƙarfen ba shi da inda zai je, sai ya kumbura ya yi tudu-tudu, gam ya saki a wani wuri ya riƙe a wani. Ga wanda zai yi amfani da ita a wuraren da zafin bazara ke wuce digiri 40 a inuwa, irin Sakkwato ko Yamai, wannan lissafi ya fi tsanani. Saboda haka ake ɗora shi kamar babbar riga a jiki: ta rataya a kafaɗa, sauran a sake. Abin da zai riƙe shi shi ne datsin gefe, firam ɗin ƙofa, madigad, fanka da fitilu.

Fara da bangaye. Bar ledar kariya a fuskar ƙarfen har ƙarshen aiki. Jingina fallen a bango a kan 'yan katakai, matse shi da kilam da ƙyalle a tsakani, zana siffar daga baya, sauke ka yanke da zarton lantarki mai ƙananan haƙoran ƙarfe, kana barin rarar santimita ɗaya. Almakashin kwano yana murɗe gefe, kada ka yi doguwar yanka da shi. Mayar da fallen, riƙe shi da 'yan sukuru a can bakin gefe inda datsi zai rufe, sannan ka bi da rauta mai bakin kabaid ka share rarar. Shafa kakin kyandir a layin don kada ƙarfen ya narke ya manne a bakin injin. Sa tabarau da riga mai dogon hannu, ɓarɓashin yana da zafi da kaifi. Bayan haka bi gefen da fayil ka rage shi ya gaza bakin katako da milimita 2, wannan shi ne filin miƙewarsa. Duk hujin da za ka yi a alminiyam ya ɗan fi sukurun faɗi, saboda dalili ɗaya.

Ramin ƙofa kuma, huda daga ciki, ka sa rauta ya bi bakin katakon.

Rufi yana son mutum biyu ko uku. Auna tsawonsa da tef daga ƙasan gaba, bisa lanƙwasa, har wurin hinji. Sau da yawa yakan wuce ƙafa 8, don haka falle mai ƙafa 10 ya fi. Idan dole ka yi haɗi, yi shi a kan rafta, na sama ya hau kan na ƙasa da santimita 4 ko 5, da tef ɗin butil, wata roba mai danƙo, a tsakani, kuma in zai yiwu ya faɗo can ƙasan gaba inda akwatin wuya zai kare shi. Kafe fallen a ƙasan gaba tukuna, ka tabbata ya miƙe daidai da bango, domin karkatar milimita 2 a nan za ta zama santimita a baya. Sannan ku kwantar da shi a hankali, ku ɗaure da igiyoyin matse kaya uku ko huɗu daga gaban casis zuwa baya, kuna ƙara matsi kaɗan-kaɗan har ya kwanta a kan lanƙwasa babu rata. Yi wannan aiki da rana ta ɗan ɗumama ƙarfen, ba cikin sanyin asuba ba. Ƙarfen da aka kafe yana ɗumi, idan ya huce sai ya ƙara ɗamewa. Wanda aka kafe da sanyi, da rana ta fito zai saki.

Inda alminiyam zai sauko kan ƙarfen casis, raba su da fenti da tef ɗin butil ko siririyar roba. Ƙarfe biyu mabambanta da ruwa a tsakani, ɗaya sai ya ci ɗaya, kuma a nan alminiyam ne ke shan kashi.

Datsin gefe

Shi ne siririn alminiyam mai kusurwa da ke rufe mahaɗar rufi da bango. Akwai mai laushi da ake yi don motocin kwana, wanda ke bin lanƙwasa da hannu da gudumar roba. Idan angul na masu tagar alminiyam ka samu, yana da tauri, sai ka tausasa shi da wuta. Goga sabulun wanki a jikinsa, bi da wutar gas kana motsa ta, da sabulun ya yi baƙi ka janye ka bar shi ya huce. Kula sosai, alminiyam yana narkewa a digiri 660 kuma ba ya yin ja kafin nan, yana nan lafiya sai ka ga ya zube. Gwada a guntu tukuna.

Shimfiɗa tef ɗin butil a ƙarƙashin datsin, tsawonsa duka ba yankewa. Butil baƙar ko tokar roba ce mai danƙo da ba ta bushewa, shi ya sa take bin motsin ƙarfe. Fara daga ƙasan gaba, huda, tsoma bakin sukuru cikin abin toshewa, ɗaura, lanƙwasa gaba kaɗan, sake hudawa, tazarar santimita 10 a lanƙwasa, 15 a miƙe. Sukuru na ƙarfe mara tsatsa kawai. Ɗaura har butil ya ɗan bullo, kada ka matse har datsin ya lotsa. Abin da ya bullo ka yanke da wuƙar roba.

Game da silikon: ka bar shi. Yakan saki alminiyam bayan ɗan lokaci, kuma inda ya taɓa babu abin da zai sake kamawa, har shi kansa. Mai warin tsami ma yana cin ƙarfe. Nemi na foliyuritan irin Sikaflex 221. Ƙofofi, fanka, fitilu da madigad duk a kan butil za su zauna, kowane sukuru da abin toshewa.

Murfin kicin

Wannan ne ya fi ba magina ciwon kai. Filawud da aka lanƙwasa yana son komawa miƙe, sai ya ja murfin ya buɗe baki a ƙasa. Maganinsa haƙarƙari masu ƙarfi. Yanke su daga filawud milimita 18 da samfurin nan naka, zurfinsu santimita 5 ko fiye, guda biyar ko shida daga sama zuwa ƙasa, a haɗa su da katako a kai da gindi da 'yan gicciye. Haɗa ƙashin murfin a cikin ramin kicin, da 'yan tsinken katako milimita 6 a kowane gefe don rata, ka manna filawud milimita 3 yana nan a wurin, ka bar gam ya bushe sosai kafin ka fitar. Ja wayar fitilun baya da ta lamba, toshe da efoksi, ɗora alminiyam a sake yadda ka yi wa rufi.

Hinjin da ya dace shi ne na alminiyam mai ɓari biyu da ke shiga cikin juna tsawon faɗin tirela, wanda ruwa ba ya ratsawa ta tsakiyarsa. Yanke shi ya zarce bango da santimita ɗaya a kowane gefe don ruwa ya zuba waje, ba cikin kicin ba. Dogon hinji na gama-gari yana yoyo sai an rufe shi da roba. Manna robar toshewa a gefunan bango da ƙasa, ka gwada da takarda: rufe murfi a kanta ka ja, inda ta zare ba tirjiya, ƙura da ruwa za su bi. Auna nauyin murfin kafin ka sayi sandunan gas biyu, mai sayarwa zai nemi nauyin da tsawon. Makulli ya kama ta gefe biyu.

Iska, gwaji da hanya

Ɗakin nan ƙarami ne kuma ka toshe shi da kyau, saboda haka dole a bar masa hanyar iska da ba a iya rufewa gaba ɗaya, ƙaramin rami ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama, da ragar sauro. Kada a taɓa shigar da kaskon gawayi, risho ko murhun gas ciki don jin ɗumi, komai sanyin hunturu. Hayaƙin da ke kisa ba shi da wari. Janareta ma a ajiye shi nesa. Tukunyar gas a kan wuya take zama, a waje. Kuma ba a ɗaukar mutum a ciki ana tafiya.

Sa wani ya shiga da tocila, kai kuma ka riƙa zuba ruwa da tiyo daga ƙasa zuwa sama, wuri-wuri, don a gane ainihin inda ya shiga. Sannan ka loda ta yadda za ka yi tafiya, da ruwa da kayan abinci, ka auna duka a sikelin manyan motoci, ka auna wuya da sikelin gida a tsayin maƙala. In bai kai kashi 10 ba, matsar da aksil baya ko ka kai kaya gaba.

Ƙwallon maƙala da bakin tirela su zama awo ɗaya. Na Amurka inci 2 ne ko inci 1 da 7/8, na Turai milimita 50, kuma inci 2 ya fi milimita 50 da ɗan kaɗan, kada a haɗa su. Sarƙoƙin tsaro biyu a gicciya su ƙarƙashin wuya. Ajiye rasit na aksil, ƙarfe da tayoyi, domin ofishin rajistar motoci kan nemi shaida kafin ya ba tirelar gida lamba, kuma gara ka je ka tambayi sharuɗɗansu tun kafin ka fara walda.

Fitar farko ta zama gajera, a hanyar da ba cunkoso. Tsaya bayan kilomita 15 ka taɓa cibiyar taya, ɗumi ba laifi, zafin da hannu ba zai jure ba alamar boris ne. Sake ɗaure notin taya a nan, da kuma bayan kilomita 80. Idan tirela ta fara kaɗawa, ɗaga ƙafa daga totur, riƙe sitiyari a miƙe, kada ka taka birki da ƙarfi, in ta lafa ka tsaya ka gyara lodi. Kowace shekara kafin damina, bi sukurun datsi ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya juya babu kamawa, katakon ƙarƙashinsa ya jiƙa: cire shi, bar ramin ya bushe, cika da efoksi, sake hudawa, ka mayar da sabon butil.